Kullum a Kan Namijin Ake Kira Na, Macen Kuwa Shiru

Tambaya:

Assalamu alaikum. Shekara ɗaya da rabi ke nan da muka taso daga Kaduna zuwa Manchesta, ni da maigida da yara huɗu. Ina aikin kula da tsofaffi, wani makon safe wani makon yamma, shi kuma yawanci dare yake yi. Babbar tamu mace ce, shekararta 15, tana Aji 10. Ba ta taɓa ja mana magana ba, kullum malamai yabon natsuwarta suke yi. Ita ke ɗauko ƙannenta biyu daga firamare, ta dafa abinci, ta duba mana saƙonnin makaranta a waya. Mai bi mata namiji ne, shekara 13, Aji 8, kuma shi ne ciwon kaina. Tsare shi bayan an tashi ya zama ruwan dare, makon jiya kuma aka dakatar da shi kwana biyu saboda ya mari wani yaro da ke kwaikwayon maganarsa. Malama ta rubuta wai ba ya kallonta in tana magana, wai taurin kai gare shi. A Kaduna bai taɓa wuce na biyar ba. Abbansu ya ce a mayar da shi gida wurin baffansa a sa shi makarantar kwana. Ita kuma yarinyar ya hana ta tsayawa darasin bayan tashi, tunda ƙarfe huɗu duhu ya yi. Rannan na ji tana ce wa ƙanen nata ta haƙura da likitancin. Yaya zan yi da yaron nan?

Uwar 'ya'ya huɗu, Manchesta

Amsa:

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa albarka a neman da ya kai ku can.

A kan namijin kika tambaye mu, kuma za mu zo kansa. Sai dai abin da ya fi tsaya mana a rai shi ne maganar da kika jefo a ƙarshe kamar ba komai ba, cewa yarinyar ta haƙura da likitanci. Yaron yana Aji 8, tsakaninsa da GCSE, jarrabawar kammala sakandare da ake yi a ƙarshen Aji 11, akwai shekara uku da 'yan watanni. Ita tana tsakiyar Aji 10, a watan Mayu da Yuni na baɗi za ta zauna tata. Wutar da ta kama a wurinsa kowa ya ga hayaƙinta, har waya ake yi miki. Tata wutar ƙaiƙayi ce, ƙasa-ƙasa take ci, kuma ita ce lokaci ya fi ƙure wa.

Abin da ke faruwa a gidanki sananne ne a gidajen baƙi. Tun 1997 wasu masana biyu na Jami'ar Habad, Carola da Marcelo Suárez-Orozco, suka bi diddigin yara wajen 400 da suka yi ƙaura zuwa Amurka, har tsawon shekara biyar. Sun tarar 'yan mata sun fi maza maki, sun fi kusanci da malamai, an fi sa musu ido a gida, an kuma fi ɗora musu aiki. Maza an sake musu igiya, a makaranta kuma an fi yi musu kallon masu tayar da zaune tsaye. Wato gida yana tsare mace ya saki namiji, makaranta tana sa wa namiji ido ta mance da mace. Yaranki biyu kowa ya faɗa ramin da aka haƙa wa jinsinsa.

Mu fara da ita.

"Tana da natsuwa" ba maki ba ne. Malami mai yara talatin a gabansa, in ya samu yarinya mai hijabi da ba ta surutu, ba ta tambaya, tana kawo aikin gida a kan lokaci, hamdala zai yi ya juya ga masu hayaniya. Abin da kike buƙatar sani lambobi ne. Makin GCSE daga 9 yake saukowa zuwa 1, kuma 4 ne mafi ƙarancin abin da ake kira ci. A lissafi da kimiyya takardar jarrabawa iri biyu ce. Akwai ta ƙasa, wadda suke kira Faundeshan, ita ko yaro ya amsa komai daidai ba zai wuce 5 ba. Akwai ta sama, mai kaiwa har 9. Yawancin makarantun da ake wucewa bayan Aji 11 suna neman 6 ko 7 kafin su bar ɗalibi ya ɗauki kemistiri ko bayoloji ko lissafi a matakin A-lebul, wato karatun share fagen jami'a, kuma yawanci ta wannan ƙofa ake shiga likitanci. Don haka yarinyar da aka ajiye a takardar ƙasa an rufe mata likitanci tun kafin ta riƙe biro, ba tare da an yi wa kowa waya ba.

Ta yaya yarinya mai ƙoƙari ke faɗawa can? Yaran da suka yi firamare a Ingila suna da sakamakon jarrabawar Aji 6, da shi ake raba su rukuni-rukuni a kuma yanka musu makin da ake sa ran za su samu. Baƙuwa ba ta da wannan. Ko dai a gwada ta a makon farko, sanyi na kaɗa ta, kunnenta bai saba da lafazinsu ba, ko kuma a sa ta rukunin da aka samu kujera. Daga nan in ba wanda ya ɗaga murya, nan za ta dawwama.

Yau ɗin nan ki rubuta imel ga malamin da ke kula da 'yan Aji 10 gaba ɗaya, ki sa shugaban sashen lissafi da na kimiyya a ciki. Ki tambaya: rukuni na nawa take cikin rukuni nawa, a lissafi da kimiyya da Turanci? Wace takarda ake shirya ta a kai, ta ƙasa ko ta sama? Makin da take samu yanzu nawa ne, wanda aka yanka mata nawa ne, kuma da me aka auna aka yanka shi? Wane gwaji ne, a wace rana, kuma maki nawa za ta ci a ɗaga ta? Tambayar ƙarshen nan ita ce mai ƙarfi, don tana tilasta musu su ba ki rana da lamba maimakon "za mu duba". Za su iya cewa sai Fabrairun baɗi ake shigar da sunaye jarrabawa, akwai lokaci. Gaskiya ne a takarda. Amma akwai darussan takardar sama da ba a koyar da su a rukunin ƙasa sam, kowane wata da ta ƙara a can giɓi ne da sai ta cike shi ita kaɗai. Kafin gwajin ƙarshen Aji 10 ake wannan yaƙin.

Kada kuma ki tafi da zato kawai. Hukumomin jarrabawa irin su AQA da Edexcel suna ajiye tsofaffin takardu da amsoshinsu kyauta a intanet. Lissafinsu takarda uku ce, kowace awa ɗaya da rabi, maki 80, ɗaya ba a amfani da kalkuleta. Ranar Asabar ki zaunar da ita a tebur, ki sa agogo, ta yi ta ƙasa guda ɗaya. In ta share ta ba gumi, ki ɗauki takardar da hannunki ki kai makaranta. In kuwa ta sha wuya, to a sani cewa takardar sama tana da haɗarinta: wanda ya faɗi ƙasa da iyakarta yana iya tashi ba maki ko ɗaya. A wannan halin ƙarin darasi take buƙata tukuna, ba canjin takarda ba. Batun kimiyya uku a rarrabe (bayoloji, kemistiri da fizik, kowanne da makinsa) ko haɗaɗɗiya mai maki biyu, kada ki ɓata ƙarfinki a kai a tsakiyar Aji 10. Haɗaɗɗiyar ba ta hana likitanci in makin ya yi kyau.

Sai lokacinta. Ki ɗauki takarda ki lissafa yininta ɗaya. An tashi wajen ƙarfe uku, ta ruga firamare, ta kawo yara gida, ta canza musu kaya, ta ɗora tukunya, wataƙila ta raka su islamiyya daga biyar zuwa bakwai, ta wanke kwanuka. Takwas da rabi ta buɗe littafi, idonta na rufewa. 'Yar Aji 10 tana buƙatar awa ɗaya da rabi zuwa biyu kowace yamma, da kwanciyar hankali. Yanzu ki lissafa na ƙanenta daga uku zuwa shida. Awanni ukun da suka yi mata kaɗan su ne suka yi masa yawa.

A Kaduna aikin nan hannu nawa ke yin sa? Akwai kaka, akwai 'yar aiki ko almajirin gida, akwai maƙwabciya da za a leƙa a ce duba min yara. Duk kun baro su a filin jirgi, kayansu kuma ya sauka a kan yarinya ɗaya don ita ce mace. A raba. Wanke-wanke, sharar ɗaki, fitar da bola ranar da motar kansul, wato ƙaramar hukuma, ke zuwa, dafa shinkafa, duk ɗan shekara 13 zai iya. In an ce namiji ba ya shiga kicin, a tuna cewa Nana A'isha da aka tambaye ta abin da Manzon Allah (SAW) yake yi a gida, cewa ta yi yana cikin hidimar iyalinsa. Ɗauko ƙananan kuwa sai kin tambayi firamaren tukuna, don da yawa ba sa miƙa yaro ga wanda bai kai 14 ko 16 ba. In sun ƙi, akwai kulob ɗin bayan tashi da ake biya, ko ku yi karɓa-karɓa da wata uwa da 'ya'yanta ke makarantar. Ki kuma sani cewa in kin bar yara a hannun wadda ba ta kai 16 ba, duk abin da ya faru a wuyanku yake a idon doka. Kada aikin yammarki da na daren Abbansu su taɓa haɗuwa har yara su kwana su kaɗai.

Manhajar makaranta ku sa ta a wayarki da ta Abbansu, kowa da lambar shigarsa. Yarinyar da ke karanta muku laifin ƙanenta ta zama 'yar sanda a gida, kuma saƙon da ya shafe ta ita ce za ta zaɓi ko ku gani ko kada ku gani.

Tsoron da Abbansu yake yi na duhu ba wauta ba ce. A Disamba rana na faɗuwa a Manchesta kafin ƙarfe huɗu. Amma darasin bayan tashin nan a nan ake maimaita abin da zai fito a jarrabawa, a nan malami ke sanin sunan ɗaliba. Tsoro irin wannan da tsari ake maganinsa. A karɓo jadawali a rubuce: wace rana, wane malami, ƙarfe nawa ake gamawa. Mai aikin dare ƙarfe huɗun yamma idonsa biyu, ya je ya ɗauko ta. Ranar da ba zai samu ba, ƙanenta ya zauna a laburaren makaranta ya yi aikin gidansa, su taho tare. Ita ta samu darasi da rakiya, shi ya samu abin da zai hana shi gararamba. Ƙarshen Maris in an tura agogo gaba, sai bayan bakwai da rabi rana ke faɗuwa, maganar ta mutu da kanta.

Akwai abubuwan da 'ya mace ba za ta kawo miki da bakinta ba, sai kin tono. Darasin motsa jiki dole ne, iyaye ba su da ikon cire yaro, amma kusan ko'ina za a yarda da dogon wando, riga mai dogon hannu, hijabin wasanni marar fil, da wurin canza kaya a keɓe, in an nema a rubuce. In ba a nema ba, sai ki ga kowace ranar wasanni ciwon ciki ya tashi ko an mance kaya. Fashi kuma yana da tara: rabin yini goma ba izini cikin mako goma na karatu yana jawo fam 80 a kan kowane mahaifi, ya koma 160 in an wuce kwana 21. Audugar mata kyauta ce a makarantun gwamnati tun 2020, ki tabbata ta san ofishin da ake karɓa, kuma ki nema mata izinin fita banɗaki a kwanakinta, don wasu makarantu suna hana fita ana cikin darasi. Sallar Azahar da La'asar duk a makaranta suke riskar su lokacin sanyi. Yawancin makarantu suna ba da ɗaki, amma da lalama ake nema: a 2024 Babbar Kotu ta goyi bayan makarantar Michaela ta Landan da ta hana sallah a harabarta, kamar yadda a 2006 kotun ƙoli ta lokacin ta goyi bayan wata makaranta a Lutan kan hana jilbabi. Dokar daidaito ta 2010 tana kare addini da launi da jinsi, amma ba ta ce duk abin da aka nema sai an bayar ba.

Wata magana kuma, ki yi haƙuri da mu. 'Yar fari ce, mun san kunyar da ke tsakani, har a wasiƙarki "babbar tamu" kika ce. A gida wannan kunyar ba ta cutarwa, don akwai gwaggo da inna da kaka da za su ji cikinta. A Manchesta in ke ba ki tambaye ta ba, ba mai tambaya. Ki fara da abu mai sauƙi, kuna yankan albasa: da wa kike cin abincin rana?

To, namijin.

A Ingila ana korar maza daga makaranta ninki biyu na mata. Yaran Afirka baƙar fata a jimlace ba su fi sauran yara shan kora ba, a GCSE ma suna gaban matsakaici, don haka kada ki ɗauka an riga an yanke masa hukunci. Amma yaro baƙi mai tsawo, mai sabuwar murya, sau da yawa ana yi masa kallon babba, abin da za a kira ƙuruciya a wurin wani a kira shi barazana a wurinsa. A kan wannan kuma sai ga tarbiyyarmu tana fassaruwa a juye. Kun koya masa in babba na faɗa ya sunkuyar da kai ya yi shiru. Malamar tana ganin raini ne ko rashin gaskiya. Murmushin kunya da yaro ke yi in an tsawata masa, ita dariya take gani. Tsaki kuwa, ko da kansa yake yi wa, a makarantu da yawa laifi ne mai hukunci. Ku zauna ku gwada a falo, ke ce malama. Ya ɗaga kai ya dubi fuskarki, in ido ya yi masa nauyi ya dubi tsakanin gira, hannu ba a aljihu ba, ya ba da haƙuri da jimla ɗaya, bayanin kuma ya bari sai an tashi daga darasi. Sa'an nan ki rubuta wa malamar layi uku ki gaya mata ma'anar sunkuyar da kai a wurinmu. Da yawansu ba wanda ya taɓa gaya musu.

Wani abin da ke rikita yaranmu maza shi ne rashin bulala. An hana duka a makarantun gwamnatin Ingila tun 1987. Yaron da ya saba laifi na ƙarewa da bulala uku a wuce wurin, in aka ce masa "gargaɗi na farko" sai ya ga ba a yi komai ba. Bai san ana rubutawa a kwamfuta ba, kuma ba a gogewa. Gargaɗi ya zama tsarewa, tsarewar da aka tsallake ta zama zaman ɗakin keɓewa, daga nan dakatarwa.

Ki nemi a buga miki duk rajistar halayensa tun farkon shekara. Ki baje ta a tebur da biro kala uku, ki ware ta darasi-darasi, malami-malami, da lokacin yini. Za ta yi magana. In rabin laifin makara ne da rashin biro, rula, kalkuleta ko kayan wasanni, maganinsa duba jaka kowane dare ƙarfe takwas. In duk wurin malama ɗaya ne, zama uku ake buƙata, ke da ita da shugaban ajinsu. In a darussan rubutu da karatu ne, ki nemi a auna matakin karatunsa, ki kai shi gwajin ido, kyauta ne ga 'yan ƙasa da 16, a duba kunne kuma. In kuwa a lissafi ne da kimiyya, inda ya fi ƙarfi, to ki yi masa tambayar da kika yi wa yayarsa: rukuni na nawa? Yaron da bai taɓa wuce na biyar ba, in aka zaunar da shi yana maimaita abin da ya sani tun firamare, zai gama cikin minti goma ya nemi abin yi. Kuma a rukunin da aka sa shi zai yi abokai, a nan zai koyi abin da ke sa a girmama namiji a wurin. Ga baƙon yaro mai lafazin da ake dariya, hanya mafi sauri ita ce ƙarfi ko ban dariya. Gyara rukuninsa kafin zaɓen darussa na Aji 9 ya fi wa'azi goma.

Batun marin. Kada ki je ki musa, kada kuma ki je kina ba da haƙuri kawai. Ya mara, ya yi laifi, kuma ya sani cewa a Ingila daga shekara 10 ana iya tuhumar yaro a gaban doka. "In an buge ka ka rama" ba ta aiki a can. Amma kwaikwayon maganar yaro don daga Afirka ya zo cin zarafi ne na wariya, kuma wajibi ne makaranta ta ɗauki mataki. Ki zauna da shi ku rubuta: yaushe aka fara, me ake cewa kalma da kalma, a ina, wa ya gani, ya taɓa gaya wa wani malami? Ki aika a rubuce, ki nemi a shigar da shi rajista a matsayin wariya, a kuma ba shi babba guda ɗaya, da suna, wanda zai je wurinsa in an sake. Wasiƙar dakatarwar dole ta faɗi dalili da adadin kwanaki da hakkinku na kai ƙorafi ga kwamitin gudanarwar makaranta. In kwanakin ba su wuce biyar a zango ba, kwamitin ba zai iya soke dakatarwar ba, amma dole ya duba abin da kuka rubuta, kuma bayaninku zai iya shiga fayil ɗinsa. Wannan yana da amfani nan gaba. In sun haura 15 a zango ɗaya, ko aka yi korar dindindin, dole kwamitin ya zauna cikin kwana 15 na karatu, kuna wurin. Ba a wuce kwana 45 a shekara. In an sake dakatar da shi, kwana biyar na farko kada a gan shi a titi lokacin makaranta, akwai tara. In an kira ki an ce zo ki tafi da shi "ya huce" ba wasiƙa, wannan ya saɓa doka, ki nemi a rubuta. In an kawo miki takardar sauya makaranta ko ta koyar da shi a gida, kada ki sa hannu a ranar.

Zaman da za a yi na mayar da shi aji, Abbansu ya je, ko da daga aiki ya sauko bai runtsa ba. Makaranta tana canza murya in ta ga uba, yaro ma haka.

A gida kuma a ajiye bel da wayar caja. Malamin da ya ga shaida a jikin yaro, ko ya ji yaro ya ce an doke shi, dole ne ya kai rahoto. A Ingila duk dukan da ya bar tabo ko kumburi ya fita daga abin da doka ke ɗaga wa iyaye ƙafa, a Sikotland da Wels ma an haramta dukan gaba ɗaya. Daga nan sai ma'aikatan soshal masu kula da walwalar yara, wani lokaci da 'yan sanda. Ke da ke aikin kula da tsofaffi, takardar DBS ɗinki, wadda ke nuna tarihinki a wurin 'yan sanda, ita ce abincinki. Karɓe waya, hana fita ƙwallo na mako guda, da ƙarin aikin gida sun isa, in an tsaya a kansu.

Daga uku zuwa shida ɗin nan a cike masa ita: kwana biyu laburare da rakiyar yayarsa, kwana ɗaya ko biyu kulob ɗin ƙwallo mai koci da rajista, sauran aikin gida da islamiyya. Waya ta kwana a falo, tasa da tata duka, don kada a ce mace kaɗai ake tsarewa. Abin da za ki sa wa ido shi ne sabon takalmi mai tsada da ba ku saya ba, waya ta biyu, kuɗi a aljihu, tikitin jirgin ƙasa zuwa garin da ba ku da kowa, abokai da suka girme shi da shekaru. Masu safarar ƙwaya yara maza masu irin shekarunsa suke nema, musamman waɗanda aka dakatar suna yawo da rana. Ba ki ambaci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Shi ya sa a ganinmu mayar da shi gida yanzu ya yi wuri ƙwarai. Dakatarwar kwana biyu a kan marin da aka tsokane shi ba ta kai a raba yaro da uwarsa ba. In ya tafi za a cire sunansa, gurbinsa ya tafi, in ya dawo sai inda kansul ta samu kujera, kuma ya dawo tsakiyar GCSE da manhajar WAEC a kansa, ya sake zama baƙo karo na biyu. Doguwar tafiya tana iya taɓa takardun zamansa, sai an tambayi lauyan shige da fice kafin a sayi tikiti. Wanda kuma aka yaudara da sunan hutu aka baro shi, ba ya mancewa. A 2025 wata kotu a Landan ta yanke hukunci a ƙarar da wani yaro ɗan shekara 14 ya kai iyayensa saboda sun kai shi makarantar kwana a Gana ba da saninsa ba, shari'ar har kotun ɗaukaka ƙara. Akwai halin da mayarwar ke zama ceto, in wuƙa ta shigo ko 'yan daba sun riƙe shi, amma ko a nan da saninsa ake yi.

Kada ki tari Abbansu da "ba za a mayar da shi ba". Ki bari ya yi barci ya ci abinci, yara ba sa nan, ki ajiye masa rajistar halayen da kika ware da amsar imel ɗin makaranta. Ki roƙe shi zango ɗaya, mako goma sha biyu, da ma'auni da kuka yarda da shi ku biyu: tsarewa ta ragu da rabi, ba sabuwar dakatarwa, an sake gwada rukuninsa. Ki ba shi aiki biyu a ciki, zuwa zaman makaranta da ɗauko 'yarsa ƙarfe huɗu.

Kafin duk wannan, daren yau in ƙananan sun kwanta, ki kira yarinyar ɗaki ki tambaye ta wa ya ce mata likitanci ba zai yiwu ba. Yarinya 'yar 15 ba kasafai take ajiye buri haka kawai ba. Mai yiwuwa wata ƙawa ce ko wani malami ya gaya mata inda takardar ƙasa ke tsayawa, ta yi lissafinta ita kaɗai, ta ga kin dawo aiki a gajiye ga kuma maganar ƙanenta, ta haɗiye. In haka ne, imel ɗin nan ku rubuta shi tare, ita ta faɗa miki sunayen malaman.